Kawu, Kyaftin ɗin 'Yan Nakkasa

Na Allah muke, kuma wurinsa aka nufa da mu duka. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya. Ya cika wata Talata da hantsi a gidansa na unguwar Rusaifa a nan Makka, aka sallace shi a Harami bayan la'asar, muka kai shi makabartar Shara'i kafin magariba. Ya haura tamanin. Bai daɗe a kwance ba, kuma har ranar ƙarshe yana gane kowa, yana gaya wa kowa laifinsa.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki irin na nan garin: kujeru sahu-sahu a ƙofar gida daga magariba zuwa isha, masu rashi a jere, gahawa tana zagayawa. An zo daga Jidda, an zo daga Ɗa'ifa, har da waɗanda rabona da su tun kafin a rushe unguwarmu ta Nakkasa. Matasa su riƙe hannunka su ce "Azzamallahu ajrakum", tsofaffi su ce "Ya muka ji da haƙuri?" Abin da ake faɗa a kan kowane tsoho shi aka faɗa a kansa. Mutumin kirki, mai zumunci, ba ya wasa da sahun farko. Duk gaskiya ne, amma ina zaune ina jin kamar wani mutum daban ake yabo.

A rana ta biyu wani ɗalibi ɗan Kano, cikin masu karatun addini a nan, ya shiga soro wanke hannu, ya ga wata doguwar jakar fata a bayan ƙofa, kawunan ƙarafa sun leƙo ta bakinta. Ya dawo ya sunkuya wurin tsofaffi, ya tambaya cikin ladabi ko marigayi maharbi ne.

Wani tsoho ya toshe baki da ƙyallen kansa, kafaɗunsa suna rawa. Na kusa da shi ya kasa riƙewa. Kafin ka ce me, sahun tsofaffi gaba ɗaya ya ɗauki dariya a tsakiyar zaman makoki.

"Kyaftin ne, Malam," in ji ɗayansu, yana share ido. "Kyaftin ɗinmu ne." Daga nan dariyar ta koma kuka.

Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, bai yi dariya ba. Ya tashi ya kinkimi jakar ya kulle ta a sito. Da ya dawo ya zauna kusa da ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kalas, an gama. Mutum ya rasu a Makka, an sallace shi a gaban Ka'aba, ba za a dinga tuna shi da wasan Turawa ba. Wannan abin mun binne shi tare da shi."

Wurin ba na gardama ba ne. Amma ban yarda ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Gasar wasan nan da Kawu yake haɗa mana duk bayan shekara biyu, sanyin bana ya kamata a yi ta. In ta mutu, danginmu sun gama haɗuwa sai a bakin kabari. Ni kuma ina da nawa dalilin, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ban san da wani filin golf a Makka ba, wasan nan da 'yan rediyo suke kira ƙwallon lambu. Kawu a Jidda ya gamu da shi. Yana saurayi ya tafi neman aiki, ya samu a wani fili da Turawan kamfanoni suke bugawa. Yakan ce duk wanda ya sa masa suna ƙwallon lambu bai ga nasu filin ba, don ko tsinken ciyawa babu. Kowane Bature yana yawo da guntun ciyawar roba, inda ƙwallonsa ya faɗi ya ɗora shi a kai ya buga. Kewayen ramin kuwa yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddaɓe. Aikin Kawu shi ne ya bi bayan kowane rukuni da manjagara ya share sawunsu, don na baya su sami wurin sumul. Shekara talatin yana wannan. Jakar nan wani Bature ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu.

Aikin ya bi jikinsa. In ya taka yashi, sai ya waiwaya ya goge sawunsa da gefen takalmi. In wani yana abin da ke buƙatar nutsuwa, sai ya daskare inda yake. Ko zare Inna, matarsa, take zura wa allura, Kawu zai tsaya cak da kofin shayi a hannu, ba motsi ba tari, har sai ta gama. Ita kuwa da gangan take jan abin, tana kallonsa ta wutsiyar ido.

Golf ɗin da ake yi kullum bai dame shi ba, wanda kowa yake buga wa kansa, a ƙirga bugunsa na kwana huɗu. Yakan ce wannan aikin akawu ne. Abin da yake jira shi ne wata gasa da ake yi duk bayan shekara biyu, tsakanin 'yan Turai da 'yan Amurka, wannan karo a ƙasar waɗannan, karo na gaba a ƙasar waɗancan. In ta zo, kwana uku talabijin ɗin gidan nasa ne. Sallah kaɗai ke tashinsa. Mu 'ya'yan dangi sai ya tsare mu a falo yana mana karatu, ko mun so ko mun ƙi.

"Ku duba," zai ce, yana nuna allon da sandar rake ko duk abin da ke hannunsa. "Mutum sha biyu nan, sha biyu can. A nan ba a tara bugu. Kowane rami faɗansa daban. Wanda ya jefa da bugu kaɗan, ramin nasa ne. Ka sha kashi da bugu ɗaya, ka sha kashi da bugu goma, rami ɗaya ka rasa. Ka karkaɗe rigarka ka tafi na gaba."

Haka muka san cewa rami sha takwas ne, amma ba dole a kai ƙarshe ba. In kana gaba da uku alhali saura biyu, an gama, a yi musabaha a watse. Kowace karawa maki ɗaya ce, in an yi kunnen doki a raba rabi-rabi. Kwana biyun farko bibbiyu ake fita. Wani zubin kowa da ƙwallonsa, a ɗauki na wanda ya fi kyau a cikin biyun. Wani zubin kuma mutum biyu ƙwallo ɗaya, ka buga, abokinka ya buga, ka buga. Rana ta uku a fito ɗaya-ɗaya, su sha biyun duka. Maki ashirin da takwas ne gaba ɗaya, kuma in an tashi sha huɗu-sha huɗu, wanda kofin yake hannunsa ya koma da abinsa gida.

Kyaftin shi ne mutuminsa. "Ba ya buga ko ɗaya," yakan ce, "amma shi za a zaga." Kyaftin ne yake haɗa wane da wane, yana duba wa ke da zafin kai, wa ke da sanyi, wa zai iya jure wa. Ana gobe ranar ƙarshe kowane kyaftin ya keɓe ya jera sunayen mutanensa daga na ɗaya zuwa na sha biyu, bai san yadda ɗayan ya jera nasa ba. Sai a ajiye takardun biyu gefe da gefe. Wanda sunanka ya yi daidai da nasa, shi ne rabonka.

Inna ta taɓa tambayarsa, tunda ba ubansa a Turai ba uwarsa a Amurka, bayan wa yake. Ya ce shi kullum bayan baƙi yake, duk ɓangaren da ya tsallako teku ana masa ihu. "Kakanmu da ƙafa ya zo garin nan daga Kano," in ji shi. "Kina so in goyi bayan masu gida?"

Akwai abu ɗaya a gasar da ya fi ƙauna, kuma a kansa muka ɓata. In ƙwallon abokin karawarka ya tsaya dab da rami, kana da ikon ce masa ya ɗauka, ka yarda kamar ya jefa. Shi ba ya roƙa. In ka faɗa ba ka janyewa, shi ma ba shi da ikon ƙi. In aka yi haka a talabijin, Kawu sai ya gyaɗa kai yana murmushi. In kuma aka yi shiru aka bar mutum ya buga ɗan kamu ɗayan nan, sai ya fi gyaɗa kan.

Danginmu gida biyu ne tun asali, masu zama a unguwar Jarwal da mu na kan dutsen Nakkasa, an yi ta auratayya har ba a iya warwarewa. 'Yan Jarwal aka fara tasa da aka zo faɗaɗa wajen Harami, suka bazu a gari. A lokacin Kawu ya ƙirƙiro tamu gasar. Daga baya rusau ya iso mu, muka bazu mu ma, wasu Rusaifa, wasu bayan gari, wasu har Jidda. Gidajen sun tafi, sunayen suka rage a bakin 'yan wasa: 'yan Jarwal da 'yan Nakkasa.

Mutum shida-shida muke yi, rami tara, maki sha biyu, Juma'a da Asabar a tsakiyar sanyi. Gwangwanin tumatir ne raminmu, tutar kuma tsohon ɗankwali a kan ƙarfe. Kofinmu wata butar gahawa ce ta tagulla da murfinta ya lotse. Filin yana can ta tsohuwar hanyar Jidda, kuma Kawu da kansa ya auna ya tabbata ya fita daga iyakar Harami. Ya ce sanda tana tsinke tsiro, tsiron Harami kuwa ba a taɓa shi, ba zai tara mutane su kwashi zunubi da sunan nishaɗi ba. Mata su zo da tukwanen shinkafa, a hura wutar tsire, a shimfiɗa tabarmi. Ya kafa doka cewa da Hausa ake faɗin sakamako. Matasanmu da Larabci ya cinye bakinsu, a filin nan da yawansu suka iya cewa "muna gaba da biyu, saura uku".

Da ƙwallo ɗayan nan yake sulhunsa. Akwai 'yan uwanmu biyu, ɗan wa da ɗan ƙani, da suka shekara uku ba sa gaisawa saboda wata magana da matansu suka yi a gidan biki. Dattawa sun zauna a kansu har sun gaji. Kawu bai yi musu wa'azi ba, sai ya haɗa su ƙwallo ɗaya. Rami huɗu suka yi kowa na kallon gabas da yamma. A na biyar ɗayan ya zabga ƙwallon cikin ƙaya, ɗayan ya shiga cirowa yana zagi da harshe biyu. Da ya fito hannu duk jini, wanda ya jefa shi ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Kawu ya daka masa tsawa daga nesa. "Ba a ba da haƙuri a nan! Inda ya jefa ka, nan za ka buga. Gaba kaɗan kai za ka jefa shi." An cinye su ranar, amma a mota ɗaya suka koma gida.

To, ga nawa laifin. Ni ne na fi kowa iya bugu a 'yan Nakkasa, ba yabon kai ba, Kawu ne ya koya mini tun hannuna bai kai tsawon sanda ba. Matata kuma 'yar Jarwal ce, mahaifinta yana buga musu. Tsoho ne mai ƙarancin magana, aminin Kawu tun ƙuruciya. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba. In ina da magana da shi, matata ce take kaiwa ta dawo da amsa. Haka aka rene mu, ko a nan Makka ba mu yar da wannan ba.

Shekara shida ke nan, ranar Asabar da rana, aka ajiye takardu biyu a kan murfin mota. Sunana na ƙarshe, sunan surukina na ƙarshe. Fili ya kaure da shewa. Na ja Kawu gefe na ce don Allah ya musanya ni da wani.

"Takarda ta fito," ya ce.

"Kawu, surukina ne fa."

"Na sani, ni na je neman auren. Ɗauki sandarka."

Na ɗauka. A ramin farko ƙwallon tsohon ya tsaya kamu ɗaya da gwangwani. Na dubi ƙasa na ce, "A ɗauka, Baba." Wannan ba laifi, kowa zai yi. A na biyu taku biyu ne, na ce a ɗauka. A na huɗu taku huɗu ne, tazarar da ni kaina sai na yi da gaske, na ce a ɗauka. Na kasa tsayawa ina kallon uban matata ya duƙa yana fama da ƙwallo, ni ina jiran ya kuskure. Duk lokacin da na faɗa sai ya ɗan jima a tsaye, sannan ya sunkuya ya ɗauka. A rami na takwas ya gama da ni. Kafin nan muna da shida suna da biyar, ko kunnen doki na yi da mun ɗauke butar. Aka tashi shida-shida, kuma da ma a hannunsu take.

Ni na tuƙo Kawu zuwa gida. Sai da muka wuce shingen shiga gari aka soma magana. Ni na fara.

"Kawu, wasa ne fa. Wasan Turawa ba zai raba ni da tarbiyyata ba."

"Tsaya nan," ya ce. Na gangara gefen titi. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. "Makin da ka bayar naka ne? Mutum biyar sun wuni a rana, ɗayansu da ciwon gwiwa. Ka kwashi guminsu ka je ka yi surukuta da shi. In kana son yi masa alheri, ka kai masa rago daga gidanka."

"Kai ka ce kyautar nan ita ce mafi kyau a wasan."

"Daga hannun wanda zai iya hanawa. Kai ba kyauta ka yi ba, ya waladi, ɗana, gudu ka yi."

Na ce masa in haka ne ya nemi wani. Ya ce tayyib, wato shi ke nan. Na ja mota.

Gasa biyu aka yi bayan nan ban buga ba. Ina zuwa, ina ɗauko tukwane, ina juya tsire, amma ban taɓa sanda ba. Duka biyun 'yan Jarwal suka lashe. Muna gaisawa da Kawu, ina kai shi asibiti, yana tsokanar 'ya'yana, sai dai maganar nan tana nan tsakaninmu ba ta motsa ba. Bai taɓa lallashina ba. In shekarar gasa ta zo, saƙo ɗaya yake aiko mini: akwai wuri. Ni kuma in ce aikin masu Umara ya yi yawa a otal ɗin da nake aiki.

Kwana huɗu kafin ya rasu na je duba shi. Ya kama hannuna yana jujjuya tafin, ya ce ya yi laushi kamar na mai sayar da turare. Sannan ya ce, "Bana za ka buga?"

Na ce, "In sha Allahu, Kawu." Irin in sha Allahun nan ce da ake sallamar mutum da ita, kuma ya gane. Ya saki hannun ya juya fuska bango. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma tana cina har yau.

Bayan an watse daga makoki na je gaida Inna a ɗakin takaba. Ban kawo zancen ba, ita ta kawo. Ta ce a fito da jakar nan daga sito, ba kayan sata ba ce. Ta ce a ɗaga gasar zuwa makon da za ta fita takaba, sanyi bai ƙare ba a lokacin. Na ce wa zai zama kyaftin? Ta ce shekara nawa tana jin ana yanka 'yan wasan nan ana ƙirga hanjinsu a falonta, akwai wanda ya fi ta sanin wa ke tsorata? Ita za ta rubuta takarda. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa. Uwa ta yi magana, ba shi da ta cewa, amma da muka fito ya ce mini, "Wahalar banza za ka yi. Butar tana gidan surukinka. In ba a buga ba, tasu ce har abada. Me zai fito da su?"

Gaskiya ya faɗa. Kyaftin ɗin Jarwal ba ya ƙetare maganar surukina, in tsohon ya ce a bari an bari. Matata ta ce ko ta je ta gaya masa? Na ce a'a. Ta dube ni kamar na ce zan tafi Kano a ƙasa.

Na je bayan la'asar. Na tuɓe takalmi tun daga matakala, na durƙusa a bakin darduma, na gaishe shi, na sake yi masa ta'aziyyar amininsa. Butar tana kan kabad a bayansa, an goge ta tana ƙyalli. Sannan na ce, "Baba, kan maganar gasa ne na zo. Ko za a taimaka a fito bana."

Ya dube ni. Sannan ya nuna bayansa da babban yatsa.

"Butar kake so? Ga ta can. A ɗauka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ka ji yadda take da daɗi a kunne?" ya ce. "Rami takwas kana gaya mini ita. A gaban 'ya'yana, a gaban jikokina. Doka ta hana in ce ba na so. Wata shida na yi ina gwada gajeren bugun nan a kan dardumar da kake durƙushe, da kofin shayi, har uwar matarka ta ce na taɓu. Ba ka bar ni na buga ko ɗaya ba. Ka ɗauke ni tsohon da ake tsallakar da shi titi."

"Wallahi, Baba, girmamawa ce."

"Na sani. Shi ya sa ban iya yi maka faɗa ba, shi ya sa abin ya fi ciwo." Ya gyara zama. "Washegari kawunka ya zo nan. Wa ya taɓa jin mutumin nan ya ba da haƙuri? Ranar ya bayar, a madadinka. Ya ce laifinsa ne, ya koya maka bugu bai koya maka tsayawa ba. Ya ce in ba ka lokaci."

Ban san da wannan ba. Shekara shida Kawu yana riƙe da ita bai faɗa mini ba. Na yi kuka a gaban surukina, abin da ban taɓa zaton zai faru ba, shi kuma ya kau da kai ya bar ni na gama.

"Za mu fito," ya ce daga ƙarshe. "Tashi ka tafi, magariba ta kusa."

Makon da Inna ta fita takaba muka hallara. Mutane sun fi na kowace shekara. Yaya ma ya zo, wai rakiyar uwarsa ya yi, sai ga shi yana kafa tutoci. Inna ta zauna a kujera ƙarƙashin rumfa, carbi a hannu, tana aika umarni kamar an haife ta a kan aikin. Ranar Asabar ta miƙo takardarta da ajami, aka ajiye kusa da ta Jarwal. Sunana na ƙarshe, na surukina na ƙarshe. Ba wanda ya gaya wa wani, kuma ba wanda ya yi mamaki.

Shekara shida ba atisaye, hannuna ya manta da yawa. Tsohon kuwa ba ya buga nisa, amma ba ya kauce hanya. Na ci rami, ya ci rami. Sau biyu ƙwallonsa ya tsaya a leɓen gwangwani, inda ko iska za ta tura shi, na ce a ɗauka, ya ɗauka ba tare da ya dube ni ba. Sauran duk na bar shi ya buga, kuma ya jefa su ɗaya bayan ɗaya. Muka iso rami na tara ba wanda ke gaba. Sauran karawa duk an gama, biyar da rabi, biyar da rabi. Jama'a suka kewaye mu, har matan suka bar tukwane.

Na jefa nawa a bugu na huɗu. Nasa na uku ya tsaya kamu ɗaya da rami, ko ya ɗan fi. In ya jefa, kunnen doki ne, Jarwal su riƙe abinsu. In ya kuskure, mun ci.

Maganar ta taso har bakina. Ina jin idon matata a bayana. Tsoho ne mai shekara saba'in da wani abu, kakan 'ya'yana, ga dukan zuriyarsa a tsaye. Na datse haƙorana. Na ɗaga kai na dube shi a fuska, karo na farko tunda na shiga gidansa, ban ce komai ba.

Ya dube ni shi ma. Sannan ya sunkuya, ya daidaita, ya buga. Ƙwallon ya bi bakin gwangwani ya zagaya ya fito.

Ba wanda ya yi shewa, ko 'yan Nakkasa. Tsohon ya tsaya yana kallon ƙwallon. Na nufe shi zan durƙusa, ya riƙe kafaɗata ya hana ni, ya miƙo mini hannu a tsaye kamar yadda 'yan wasa suke yi. Tafinsa jiƙe yake da gumi. Sai ya juya wajen rumfa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Hajiya kyaftin! Ki ajiye ta inda ba za ta yi ƙura ba. Shekara biyu, in Allah ya kai mu, zan zo in karɓi abata. Kuma da wannan za ki haɗa ni, ban yarda da kowa ba."

Yaya ne ya fara amsawa da "Allah ya kai mu", kafin sauran su ɗauka.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, ka yi masa sassaucin da shi bai yi mana a fili ba. Ka yafe kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Kawu, na buga.